Sunan Wa Ke Jikin Ƙofar Motar?

A taronmu na watan jiya, wanda muka yi a falon ɗaya daga cikin dattawanmu kusa da Burnside Avenue, an kusa raba dare ana gardama a kan magana ɗaya. Wani ƙanenmu da ya shekara uku yana tuƙa tirelar kamfani ya nemi asusun ƙungiya ya ranta masa cikon kuɗi, zai sayi kan mota nasa na kansa. Babu wanda ya ƙi. Inda aka rabu shi ne abin da zai yi da motar idan ya saya. Wasu suka ce ya yanki izinin dako da sunansa, ya nemi kaya da kansa, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wasu suka ce a'a, ya shigar da ita inuwar wani kamfani, su nemo lodi, su cire kasonsu, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da karin magana ya ƙare ba a cimma matsaya ba, sai shugaba ya juyo gare ni, ya ce tunda na ɗanɗana duka biyun, in rubuta abin da na sani a mujalla, na gida ma su karanta. Kuɗin asusun nan na jama'a ne, daga cikinsa ake kai gawa gida, daga cikinsa ake biya wa marayu makaranta. Shi ya sa na amsa.

Ga 'yan uwa na gida, bari in fara da bayani ɗaya. A Amurka, kowace babbar motar dako dole ne a rubuta suna da lambar hukumar sufuri a gefenta biyu, galibi a jikin ƙofa. Sunan nan ba lallai ne ya zama na mai motar ba. Sunan wanda gwamnati ta ba izinin ɗaukar kayan mutane ne, wanda kuma za ta kama idan an yi ɓarna. Mu da ke zaune a University Heights muna ganin wannan kullum. In ka tsaya a kan tudun da Bronx Community College take, ka leƙa ƙasa wajen kogin Harlem, ga titin Major Deegan nan tireloli na bin juna ba dare ba rana, wasu sun nufi gadar George Washington, wasu za su hau Cross Bronx su wuce kasuwar Hunts Point. Da yawa daga cikinsu mai motar ne a kan sitiyari, shi ke biyan bashinta, shi ke saya mata taya, amma sunan da ke ƙofar na wani ne da bai taɓa zama a cikinta ba.

Da na zauna ina tunanin abin, sai na ga gardamar nan ta girmi mota. Kakana bafatake ne, ya riski ƙarshen zamanin ayari, kuma abin da ya ji daga iyayensa shi ya riƙa ba mu labari. Fataken goro kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna, ɗauke da rinannun tufafi da kanwa da jima, su ƙetare Kwara, su ratsa Borgu, su bi ta Yendi har Salaga a ƙasar Gwanja. Tafiya ce ta watanni, zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara. Kowane falke da jakunansa, da hajarsa, da yaransa, riba tasa ce, faɗuwa ma tasa ce. Amma ba wanda ke kama hanya shi kaɗai. Ana tafiya ne a ƙarƙashin madugu. Shi ya san inda ruwa yake, shi ke sa ranar tashi da wurin yada zango, shi ke zama da sarakunan hanya a daidaita kuɗin fito da garama, sannan a raba wa kowa gwargwadon kayansa. Sarkin gari bai san sunan mai jaki goma ba, sunan madugu ya sani. Ashe shiga inuwa tsohuwar sana'armu ce.

Sai dai akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe, domin zan dawo kansa. Madugu yana cikin tafiyar. Kayansa sun fi na kowa yawa a ayarin. In 'yan fashi suka tare hanya a Borgu, shi ne kan gaba a hasara, in kuma ya zalunci mutane wajen rabon garama, baɗi ba mai binsa. Abin da ya ci daga gare ka, ya ci shi ne yana tsaye cikin rana ɗaya da kai.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo baya, tafiyar ƙasa zuwa Gwanja kuma ta yi ta ja baya. Mutane na yawan kawo sunan Alhassan Ɗantata a matsayin misalin wanda ya tsaya da ƙafarsa, kuma gaskiya ne. Amma a duba yadda ya tsaya. An haife shi a Bebeji a 1877 cikin zuriyar Agalawa, ya yi fataucin goro, ya kuma gane da wuri cewa goro zai iya biyo teku daga Ankara zuwa Ikko. Duk da haka, lokacin da ya shiga gyaɗa, ya yi shekaru yana saye ne a madadin kamfanin Turawa, Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC. Ya shiga inuwa, amma da jarinsa, da yaransa a ƙauyuka, da amanar manoma a hannunsa. Kamfani na buƙatarsa kamar yadda yake buƙatar kamfani. Ya rasu a 1955, sunansa ya fi na waɗanda ya yi wa saye daɗewa a bakin mutane.

Mahaifina shi kuma zamanin gingimari ya tarar. Ya fara da yaron mota, ya zama direba, ya shekara goma sha yana jan motar wani Alhaji tsakanin Kano da kudu, a sauka da shanu ko wake, a hauro da goron Shagamu. Da ya sayi tasa tsohuwa, ya ɗauka ya huta da maigida. Sai ya tarar kaya ba su san mai mota ba. Dole ya bi layi a tasha, dole ɗan kamasho ya ci la'adarsa, kuma manyan 'yan kasuwa sun fi yarda su ba da kayansu ta hannun wanda suka sani, wanda in mota ta kwana a daji za su iya zuwa ƙofar gidansa. Ƙarshe ya koma yana ɗaukar lodi ta hannun tsohon maigidan nasa, motar tasa, webil da sunan Alhaji. Ina yaro ina jin haushin wannan. Sai da na zo nan na fahimce shi.

To, yaya aka yi Amurka, ƙasar da ake cewa kowa gashin kansa yake yi, ta cika da masu mota da ke aiki da sunan wasu? Doka ce ta haifar da abin. Tun 1887 akwai hukumar ICC mai kula da jiragen ƙasa. A 1935, lokacin da tattalin arziki ya durƙushe kuma masu motoci ke karya farashin juna, majalisa ta sa dakon mota tsakanin jihohi a ƙarƙashin hukumar. Waɗanda suke kan aiki a lokacin aka bar musu hanyoyinsu. Sabon shiga kuwa sai ya tabbatar cewa jama'a na buƙatarsa, kuma tsofaffin kamfanoni na da damar su tashi su ce ba a buƙata, su sun wadatar. Izinin ma ba na ko'ina ba ne, a rubuce yake: kaya iri kaza, daga gari kaza zuwa gari kaza. Takardar ta zama dukiya, ana sayar da ita da tsada, wani lokaci ta fi motocin kamfanin daraja.

Mai mota ɗaya ba shi da kuɗin lauya ko na sayen takarda, saboda haka ƙofa biyu suka rage masa. Ta farko, dokar ta keɓe amfanin gona da ba a sarrafa ba, kowa na iya ɗauka ba izini. Shi ya sa masu zaman kansu na wancan zamani yawancinsu 'yan dakon kayan lambu da dabbobi ne, irin waɗanda suka riƙa cika kasuwar kayan gwari ta Hunts Point bayan an buɗe ta a 1967. Ta biyu, ya ba kamfani mai izini hayar motarsa da kansa, ko na tafiya ɗaya don kada ya dawo wayam, ko na dindindin. Abin da muke kira shiga inuwa ke nan. Ya samo asali ne daga ƙarancin takarda, ba daga son ran direba ba.

Wanda ke da takarda shi ke da wuƙa da nama, kuma an yi zalunci. Ana jinkirta biya, ana ɓoye ainihin kuɗin da mai kaya ya biya, ana cire-cire ba bayani. Tura ta kai bango lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a Oktoban 1973. Dizal ya yi tsada, ya yi wuyar samu, ga dokar rage gudu zuwa mil 55 a awa. A Disamban shekarar masu motocin kansu suka toshe manyan hanyoyi a Pennsylvania da Ohio, a farkon 1974 suka ajiye aiki, suka sake a 1979. Ƙungiyarsu ta OOIDA, wadda har yau take Missouri, a 1973 aka kafa ta.

Daga wannan rigima aka samu ƙa'idojin haya na 1979, waɗanda har gobe suna aiki, kuma abin takaici ne yadda 'yan uwanmu da yawa ke sa hannu ba su san da su ba. Dole yarjejeniya ta zama a rubuce. Dole a biya ka cikin kwana 15 bayan ka miƙa takardun sauke kaya. In kaso ake biyanka, kana da haƙƙin ganin takardar da ke nuna nawa aka caji mai kaya. Duk abin da za a cire maka sai an ambace shi tun farko. Ba a tilasta maka sayen inshora ko taya ko wani abu daga hannun kamfanin. Kuɗin ajiyar da suka riƙe kuma dole su dawo maka da shi cikin kwana 45 bayan rabuwa. Mutane sun kwana a kan titi cikin sanyi kafin a rubuta waɗannan layuka.

Ranar 1 ga Yuli 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofa. Izini ya zama na duk wanda ya cika sharaɗin lafiyar aiki da inshora. Takardun da aka saya da dukiya suka zama banza cikin ɗan lokaci, yawan kamfanoni ya ninka cikin shekara goma, farashin dako ya sauka, manyan kamfanoni masu 'yan ƙwadago da yawa suka rufe. Ita kanta ICC an rufe ta a ƙarshen 1995, yau hukumar FMCSA ce ke ba da lamba, tun shekarar 2000. Kuɗin neman izini dala 300 ne. Abin da kakannin direbobin nan suka kasa samu da shekaru na shari'a, ƙanenmu zai iya cike takardarsa ta intanet a daren Lahadi.

Da jin haka sai mutum ya ce an gama, kowa ya yanki tasa. Amma ƙarfin da ya bar hannun mai takarda bai faɗo hannun direba ba. Ya koma wurin mutum biyu, dillali da mai inshora. Doka ta ce mafi ƙarancin inshorar ɓarna dala 750,000, amma yawancin dillalai ba sa ba ka kaya sai kana da ta miliyan ɗaya. Sabon izini shi ya fi tsadar inshora, kuma adireshin birnin New York na ƙara mata nauyi. Dillalai da yawa ba sa kula lambar da ba ta yi watanni ba. Hukuma na sa maka ido wata 18 na farko, da binciken takardu a ciki. Ga harajin mai na jihohi da ake lissafawa duk wata uku, ga harajin babbar mota na tarayya da ke kai dala 550 a shekara, ga na nauyi da nisa na jihar New York. In ka sauke kaya, dillali kan ɗauki kwana 30 ko fiye kafin ya biya, dizal kuwa yau ake biyansa. Sai ka koma wurin masu sayen takardar bashi, su ba ka kuɗinka gobe su cire nasu, abin da wasunmu ba sa samun natsuwa da shi ta fuskar addini. Ko wurin kwanan mota ma kuɗi ne, domin birni ya hana ajiye motar kasuwanci a titin unguwa daga ƙarfe 9 na dare zuwa 5 na asuba. Yawancinmu fili muke haya a New Jersey, mu tsallaka gada da ƙaramar mota tun kafin kiran sallah.

Ni na fara ne da inuwa. Kamfanin farko da na shiga, ba zan kama suna ba, sun yi mini alkawarin kaso mai daɗin ji. Takardar lissafin mako ta farko ta zo da layuka fiye da goma na cire-cire: hayar bodi, inshora, na'urar lissafin awoyi, kuɗin ajiya, da wani abu da har yau ban san sunansa ba. Da na nemi ganin takardar mai kaya, sai mai raba lodi ya fara ba ni tafiye-tafiyen da ba wanda ke so. Na fita, na yi wata biyar ina bin kuɗin ajiyata, don ban san maganar kwana 45 ba. Na biyun ƙaramin kamfani ne, mai shi tsohon direba, motocinsa uku na kan hanya tare da namu. Kasonsa ya fi na farkon yawa a takarda, amma abin da ke shiga aljihuna ya fi, ban taɓa roƙon ganin takarda ba, shi ke turo ta. In kasuwa ta faɗi, tare muke faɗuwa. A wurinsa na tuna da madugun kakana.

Izinin kaina na yanka a 2021, lokacin da kaya suka yi yawa bayan korona, farashi ya hau, kowa a unguwa yana maganar sayen mota. Shekarar farko na ga kuɗin da ban taɓa gani ba. A 2022 dizal ya haura dala 5 galan ɗaya, farashin dako kuma ya juyo ƙasa, domin dubban irina sun shigo lokaci ɗaya muna rububin kaya ɗaya a allon intanet. A 2023 kamfanin Yellow, mai kusan shekara ɗari da ma'aikata kusan 30,000, ya rufe. Babban dillalin intanet Convoy ma ya rufe a Oktoban shekarar. Abin da ya tsare ni ba wayo ba ne. Akwai wani ɗan kasuwa da ke shigo da kayan abincinmu ta tashar jiragen ruwa ta Newark, tashar da jirgin kwantena na farko ya tashi daga cikinta a 1956, shi ya riƙa ba ni kayansa kai tsaye ba dillali, saboda mun san juna tun a masallaci. Lodi biyu a mako daga hannunsa su suka biya inshora. Abokaina biyu da muka yanki izini wata ɗaya, waɗanda allon intanet kaɗai suka dogara da shi, ɗaya ya koma inuwa, ɗaya ya sayar da motar ƙasa da bashin da ke kanta.

Akwai hanya ta uku da ake tallata wa sababbin zuwa, ita ce na fi tsoro. Kamfani zai ba ka mota ba ka ajiye ko sisi ba, a ce kana biya duk mako daga ladanka har ta zama taka. Na gida sun san irinta a harkar Adaidaita Sahu. Bambancin shi ne, a nan wanda kake bin bashin motar a wurinsa shi ne kuma mai ba ka kaya, shi ke yanke farashin. In ya rage maka tafiya, ka kasa biya, ya karɓe motar ya ba wani, abin da ka zuba ya tafi. A 2017 jaridar USA Today ta binciko direbobin tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, yawancinsu baƙi irinmu, waɗanda wasunsu kan gama mako guda na aiki takardar lissafi ta nuna su ake bi bashi. Dokar gina ƙasa ta 2021 ta kafa kwamiti na musamman a kan irin wannan yarjejeniya, kuma a farkon 2025 kwamitin ya ba da shawarar a haramta ta. Mai irin wannan mota ba falke ba ne, ba kuma yaron gida ba ne, ya ɗauki hasarar mai gida a kan ladan bara. Ra'ayina, kada kobo ɗaya na asusunmu ya shiga nan.

Game da ƙanenmu kuwa, na kira shi muka zauna a wani wurin shan shayi a Fordham Road. Ban tambaye shi wace mota yake so ba. Na tambaye shi wa zai ba shi kaya, ya ce allon intanet cike yake. Na tambaye shi in inji ya tashi aiki a Ohio a wata na biyu, da me zai gyara, kuma da me iyali za su ci a makonnin da motar ke gareji. Ya yi shiru. Yaro ne mai ƙoƙari, shekara uku ba ko tikiti ɗaya, amma duk abin da ya tara zai tafi ne a kuɗin ajiyar mota da na inshorar farko.

Abin da zan kai gaban taro shi ne a ba shi rancen, da sharaɗin motar ta zama da sunansa daga dila ko banki, ba daga hannun kamfanin da zai yi wa dako ba. Ya shiga inuwa shekara ɗaya ko biyu, a kamfanin da mai shi ke da motoci a kan hanya, kuma wanda za mu iya samun direbobinsa biyu ko uku, na yanzu da waɗanda suka bari, mu ji ta bakinsu. A cikin wannan lokaci ya riƙa rubuta abin da kowane mil ke ci masa, ya tara na gyara, ya kuma nemi masu kaya ko da biyu da za su san sunansa. Ranar da ya same su, ni zan raka shi wurin mai rubutu a sauya sunan ƙofa.

Na san Alhajin da ya kawo maganar guntun gatari ba zai yarda da ni ba, ya riga ya faɗa mini a waya cewa tsufa ne ya sa ni tsoro. Yana iya yiwuwa. Taro na gaba Lahadin farko ta wata ne, bayan la'asar, a wurin da aka saba. Na ce wa yaron ya zo da yarjejeniyar kamfanin da yake tunani, dukkan shafukanta har da ƙananan rubutun baya, za mu karanta ta layi layi kafin ma'aji ya buɗe littafi.